Ban da Nutso, Ɗalha

Zuwa ga sanyin idona, rakena na fadama mai zaƙi tun daga gindi har kai, inuwar giginyata da tsakar rana, kindirmon safe da ludayi bai taɓa ba, dogona, siririna, sarkin masu taurin kai na ƙasar Kalgo, Yaya Ɗalha!

Assalamu alaikum. Ya ƙarfin jiki? Ya haƙarƙarin? Ka ga yau ni Amatullahi, da ko ina kwana sai da saƙon murya nike yi, ka sa na ɗauki biro. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san inda karatuna yat tsaya. To ya zan yi da kai? Ka kashe data, in na kira ka ce sabis babu, saƙonnina na nan jere kamar buhunan albasa, ko guda ba ka buɗe ba. Shi yas sa nib ba ƙanwarka Sumayya wagga takarda da taz zo suna nan Gwandu. Takarda dai ba ruwanta da sabis.

Na ga sitatus ɗinka kafin ka ɓace. Hoton gora da homa jingine ga bango, ƙasa ka rubuta wai Asabar in sha Allahu. Ka ɗauka ban gane ba? Har mu nan mun san Asabar za a buɗe tafki a yi su, maza su faɗa ruwa da homa su nutse su fiddo manyan kifi. Kai kuma har da kai! Kai da likita yac ce maka a gabana, a gaban Innarka, komi kana iya komawa yi sannu a hankali, tuƙin jirgi, jefa ragar birgi, noma, amma ban da nutso. Ya ce huhun da yat taɓa sacewa shina iya sake sacewa. In a tudu ne, a ɗauke ka a kai asibiti. In ƙarƙashin ruwa ne hwa? Wa zai ɗauke ka, Ɗalha? Tarwaɗa?

Na san abin da ke ranka, don na fi ka sanin ka. Kana ganin da nutso kas samu ni. Ka tuna ranar? Mun taho biki Diggi, munka shiga jirginka mu 'yan mata za ka ƙetarar da mu, ni da rawar kai na miƙa hannu zan ɗauki hoton bado, waya tas suɓuce, tsundum! Na ɗora hannu a kai ina kuka kamar an yi mini mutuwa. Kai kuwa nan take ka aje hula kab bi ta. Ruwa ya rufe, shiru, shiru, har ƙawayena sunka fara salati, sai ga ka ka ɓullo da ita a baki kamar karen ruwa. Kowa na ta ba da labarin wanga nutso har yau. To bari ka ji gaskiya, rabin raina: wayar ko kwana ba ta yi ba tam mutu. Ni abin da yak kama ni, da kah hau jirgi kana rawar sanyi, ka ɗauki hularka mai aiki, ita kaɗai ce busasshiya gare ka, kag goge wayar da ita sannu sannu, kam miƙo mini kana kallon ƙasa. Wanga mutum shi niz zaɓa. Shi kuwa ba da huhu yay yi wannan ba.

Wayyo, farin watana, ka manta da wuri! Ni ban manta ba. Ban manta da anka kira ni anka ce kana cikin jan taru kad dafe ƙirji kaz zauna, kac ce kamar an soka maka wuƙa ta kafaɗa. Ban manta da sunka ce mutanen ruwa ne sunka taɓa ka, anka kai ka ga wanzami yak kafa maka ƙaho a baya, kai kuwa numfashi na ta ƙarewa, leɓenka ya koma kalar toka, sannan anka yarda anka nufi Birnin Kebbi. Da idona nig ga robar da sunka zura maka tsakanin haƙarƙari, ta sauka cikin kwalba mai ruwa a ƙasan gado. In kay yi tari ruwan shi yi ɓul-ɓul. Ina zaune ina kallon kumfan nan, kowane guda ina ce mashi, fita, fita ka bar mini mijina! Innarka na jin kunyata ina jin kunyarta, amma ba wadda tat tashi. Da hoton ƙirji yan nuna huhun ya sake buɗewa, wallahi sai da nib bi duk guruf ɗin da nike ciki ina tura alhamdulillahi, har na masu saida atamfa.

Bayan nan hwa? Wa yaz zauna da kai a waya kana hura balan-balan, kumatu kamar na mai algaita, ina ƙirga maka ina dariya kana cewa in bari dariya na ja maka ɗinki? Na san har yanzu in sanyi ya sauka wurin na tsunkulinka. Na san in tari yat taso maka sai ka yi tsit kana sauraren ƙirjinka, kana jira ka ji ko wuƙar nan ta dawo. Ba ka faɗa mini ba, a muryarka nike ji. Wannan tsoron ba abin kunya ba ne, Yayana. Duk wanda anka taɓa zura ma roba a ƙirji dole shi ji.

Su Lawali abokanka kuma, na ji wai sun sa maka suna Faci, wai taya ce mai faci, in kaz zo wucewa bakin gulbi su riƙa yin ƙarar iska da baki. To sai mi? Su je tashar Kalgo su nuna mini mota guda wadda ba faci a tayarta, kuma haka nan take kai albasa har Ikko ta dawo! Lawalin da ko rabin tsawonka bai kai ba! Ranar da kana kwance, ina yake? Hotonka kawai yas sa a sitatus da ɗan fuskar kuka. Shi ne yau za ka kai mashi ranka bisa faranti don shi daina tsokana? Wai kuma an ba ka wani rubutu da garin magani na daɗewa cikin ruwa. Sha rubutunka, ayar Allah ce, ban hana ba. Amma garin nan, in shina ɗinke huhu, mi yah hana a ba ka tun ranar da kaf faɗi?

Na san wadda taf fi yi maka ciwo, maganar Baffa Sambo ce, wan Babanmu, tunda shi ka ba da aure a gidanmu. I, ya faɗa. Ya ce ba shi ba da ɗiya ga mai huhu ɗaya, masuncin da ba shi shiga ruwa mi za shi ci da mata. Ni kuwa a tsakar gida nic ce ma Gwaggo matarshi, yadda zai jiyo daga zaure, huhunka biyu ne cif, na ga hoton, in ana so in turo. Gwaggo ta ce ba ni da kunya. Ƙila ba ni da ita. Na dai fi son a ce mini marar kunya ina gidanka, da a ce mini Allah ba da haƙuri ina gidanmu.

Kana ganin kai kaɗai kab bar wani abu? To saurara, zumata. Ka san sana'ata turaren wuta, da shi anka san ni, duk amaren Gwandu da Masama har Kambaza wurina suke oda. Ranar da kaz zo zance bayan an sallame ka, na turare zaure don in burge ka, kash shigo kat turnuƙe da tari har kad durƙusa. Ban yi barci ba ranar. Da safe nik kwashe kasko da kwalabe da itacen duka nik kai ma ƙawata Nafisa, nic ce ta ci gaba, ni na bari. Yanzu humra da man shafawa kawai nike sa a sitatus. 'Yan uwa na ta surutu, wai ina anka taɓa ganin amarya ba hayaƙin turare a ɗakinta? To za a gani a kaina! Ɗakina iska zai riƙa shiga ta wagga taga shi fita ta waccan. Bandar kifi ma ni zan koya, can bayan gida, kai ko kusa ba ka zuwa. Ni na bar hayaƙi ba wanda yas sa ni, kuma ban ragu da komi ba. Kai mi zai rage ka in kab bar ƙasan ruwa? Samansa bai ishe ka ba? Jirgi naka, birgi naka, gonar shinkafa na nan tana jiranka.

Ga abin da yas sa nib ɗauki biro. Na sa Innata ta yi ma Baba magana, da nig ga abin na jan ƙafa nid durƙusa gabanshi da kaina, nif faɗa mashi komi har zancen buɗe tafki. Yas saurare ni har nig gama. Sannan yad dafa gwiwarshi, wadda anka sa ma ƙarfe tun haɗarin babur, yac ce shi ma da gyara a jikinshi yake noma, kuma ba mu taɓa kwana da yunwa ba. Ya ce ka zo shi gan ka da idonshi, in kaz zo shi zai ji da Baffa. Yat tambaye ni wace rana. Ɗalha, ni niz zaɓi ranar. Asabar nic ce, da hantsi. Da gangan! Ka ji haushina in kana so, ka ƙi kula ni wata guda, na ɗauka. Daga bakin tafki zuwa ƙofar gidanmu ba tafiyar da mutum ke haɗawa da shiga su ba ce, dole ka bar ɗaya.

Ba zan ce maka in kash shiga ruwa na bar ka ba, ƙarya ce, kuma ka sani. Ba ni barin ka, ko da roba, ko da kwalba. Amma Baba zai shimfiɗa tabarma a zaure, zai zauna, duk gida sun san wanda yake jira, Baffa ma ya sani. Ni na riga na buɗe baki na ce kana zuwa. Ka sa farar shaddarka, ka hau mota, in ka gaji a hanya ka huta, in tari ya zo maka gaban Baba ka yi abinka. Su Lawali su kama giwan ruwa su ɗau hoto. Kai ka zo ka yi sallama.

Taka ce ni yau, taka ce ni ranar da gemunka zai yi fari kana haki bisa tabarma ina yi maka fifita,

Amatullahi
Gwandu