Kalmomi Arba'in da Ɗaya da Ka Koya Mana

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar Yaya, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya a ƙasar Turkiyya. Mutanen gida a Gwandu kowa lafiya. Na kira ka da sunan da Inna ke kiranka don kada masu karantawa su gane ka. Na rubuto a nan ne saboda mako uku ke nan ba ka ɗaukar waya, amma na san kana duba shafina.

Ka san halina da rubutu tun muna sakandare. Da ka tafi, ka ce shekarar farko ta koyon Turkanci ce kafin a shiga jami'a. Sai na ware littafi guda. Duk Juma'a in ka turo saƙon murya ka koya mana kalma, nakan rubuta ta yadda kunnena ya ji, da ma'anarta, sannan in karanta wa Inna bayan an sauko daga masallaci.

Watannin farko ka koya mana gaisuwa, da sunayen ranaku, da ƙirga ɗaya zuwa goma. Kana yi wa malamarku ba'a, wai takan riƙe kai idan ka buɗe baki. Inna ta yi dariya har da tari.

Daga shafi na tara abin ya canza. Ka daina ambaton malamar. Kalmomin suka koma cabuk, wato yi sauri. Makas, almakashi. Usta, wanda ka ce mana malami ne. Kuma a bayan muryarka akwai wata ƙara da ba ta tsayawa. Na saurara sau da yawa, na ce wa kaina injin ɗumama ɗaki ne. Amma shekara shida na yi ina zama a shagon Baffa tela, na san ƙarar keken ɗinki.

Na daɗe ina zargin kaina da mugun zato. Wa ya sani, ko haka makarantunsu suke? Ban taɓa wuce Kaduna ba. Sai ranar Talata na shiga mota zuwa Kalgo, wurin wani malamin jami'a da ya yi karatu a Turkiyya. Ban faɗa masa ko kai waye ba. Ya fara karanta littafin yana murmushi, yana gyara min rubutu. Da ya kai tsakiya ya daina gyarawa. Ya ce usta maigidan wurin sana'a ne. Sannan ya ɗora yatsa a kan wasu kalmomi biyu da na ji wani ya faɗa a bayanka, na rubuta ban san ma'anarsu ba: ikamet yok. Ya ce ma'anarsu babu takardar izinin zama.

“Wannan ba Turkancin aji ba ne,” in ji shi.

Wataƙila kana ɗinki ne bayan an tashi daga aji. Wataƙila da wani ake maganar takardar. Na rubuta waɗannan ma, don in yi maka adalci. Amma in ka faɗi jarrabawar harshen ne suka sallame ka, Auta, ba kai ne farkon wanda harshen mutane ya gagara ba. Ni Turanci ya kayar da ni sau biyu, kuma ga ni ina cin tuwo a gidan nan.

Abin da ke damuna Inna ce. Duk Juma'a takan tambaye ni, “Mi Auta ya koyo?” Mako ukun nan ina maimaita mata tsofaffin kalmomi, tana kaɗa kai tana sa wa malamarku albarka. Har jikoki take kora da cabuk. Ban faɗa mata komai ba, amma ba zan sake buɗe littafin nan a gabanta in yi ƙarya ba. Jibi Juma'a. Ka kira ni kafin nan, mu san abin da za mu gaya mata tare.

Kafin in bar Kalgo na roƙi malamin ya koya min magana ɗaya. Ita ce ta arba'in da biyu a littafin, kuma ita kaɗai ce ba daga saƙonka ta fito ba. Eve gel. Ya ce ma'anarta zo gida. In na rubuta ba daidai ba, ka kira ka gyara min.

Allah Ya tsare ka a inda idona bai kai ba, Ya rufa maka asiri, Ya haɗa fuskarka da ta Inna cikin alheri. Amin.

Yayanka mai jiran wayarka,
Garba