Wace Ƙwaya Kuka Ba Yayata?

Zuwa ga Babban Likitan da ya jagoranci gwajin sabon maganin hawan jini, Yamai.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya.

"Idan an gama gwajin, za mu kira kowa mu faɗa masa abin da ya sha." Kai ka faɗi haka, Dokta, ranar da na kawo yayata Rabi daga Boukoki. Damina biyu ke nan. Ba ku kira ba.

Ni na karanta mata takardarku, don ba ta jin Faransanci. Na bayyana mata za a tsayar da maganin tansiyonta na famasi, wato na hawan jini, wasu su samu sabon magani, wasu ƙwayar da ba komai cikinta, amma za ku sa ido a kan kowa. Ta ce tunda ƙanwarta ƴar boko ta yarda, shi ke nan. Ta dangwala yatsa.

Na farko: tana da maganin da ke yi mata aiki. Me ya hana ku gwada sabon da tsohon, maimakon ƙwayar wofi?

Na biyu: sau biyu ta zo muku da jiri da ciwon kai, aka ce ta jira ranar da aka sa mata.

Ba ta taɓa tsallake ƙwayarku ba. Bayan sallar asuba take sha, da bismillah, har tana sa muku albarka. A wata na uku ta faɗi a gindin keken ɗinkinta. Tana raye, amma rabin jiki ya shanye, magana ta ɗauke.

Macen da ake jin dariyarta tun daga titi! Duk Juma'a in na ƙetaro gada daga Lamordé, tun a ƙofa take tsokanata da Madam Faransanci. Yanzu kallona kawai take yi. Wallahi ko zagina ne ina marmarin ji daga bakinta.

Ba diyya nake nema ba. Ku buɗe ambulan ɗin da ke ɗauke da lambarta ta gwajin, ku faɗa mini ko garin banza na sa ta sha. Kuma ku daina raba marar lafiya da maganin da ke riƙe da shi.

Na ba ku zuwa Juma'ar ƙarshen watan nan. In shiru, zan kai ƙara ga kwamitin da ya ba ku izini. Sannan in turo Rabi a kekenta na guragu mu zauna a ƙofarku, in riƙa fassara wa duk mai shiga takardarku, da Hausa da Zabarmanci. Wannan karon ba zan ce wa kowa ya dangwala ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare naka daga irin wannan jira.

Wassalam.

Ƙanwar Rabi,
Lamordé, Yamai.