Katangarku Ta Juyo Mana da Ruwa Cikin Gari

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ke gina rukunin gidaje a gabashin ƙauyenmu, mazaɓar Sundimina, Birnin Kudu.

Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka kamar yadda addini ya hore, amma ba da farin ciki na ɗauki alƙalami ba. Sunana Malam Hudu, tsohon malamin firamare, yanzu manomi. Sau uku ina zuwa ofishinka, sau uku maigadi yana ce min ka yi tafiya. Shi ya sa na rubuto a fili, kowa ya karanta.

Na farko, gonarmu ta gado. Gero ya fitar da kai, saura kwanaki kaɗan a yanka, katafilarku ta shigo. Na tare direban, na roƙe shi ya ba ni mako guda in kwashe amfanina. Ya ce shi umarni aka ba shi. Ina tsaye aka kwantar da hatsin, aka bi ta kansa. Na haɗiye wannan, na ce Allah na nan.

Na biyu shi ne abin da ya ƙi haɗiyuwa. Akwai kwarin da ruwan duwatsu ke bi ya sauka rafi tun zamanin kakanninmu. Dattawa sun nuna wa injiniyanku shi da sandunansu. Ya yi murmushi, ya ce taswirarsa ba ta nuna kwari ba, ya gitta katanga a kai. Da ruwa mai ƙarfi ya sauka bayan la'asar, ya daki katangar, ya juyo cikin gari. Ɗakin yayata Talatu, wadda mijinta ya rasu, shi ya fara faɗuwa, tana ciki. Da fartanya da hannu muka tono ta, ƙafa a karye. Rumbunta ya narke, dawar ta tsiro a cikin laka. Mun kai ta wajen mai ɗori a Gwaram, har yau da sanda take zuwa banɗaki. Daga kamfaninku ko sannu ba wanda ya zo ya ce mata.

Kuma sai muka ji wakilinka yana cewa mu jahilai ne, ba ma son ci gaba. Ranka ya daɗe, ci gaban wa? Waye a ƙauyen nan zai iya sayen ko ɗaki ɗaya a gidajen? Yanzu kuma ga sababbin turakunku sun doshi maƙabarta, inda iyayenmu ke kwance. Wallahi wannan ba za mu yarda ba.

Abin da muke nema: a fasa katangar a buɗe wa ruwa hanyarsa kafin damina ta faɗi. A tuge turakun maƙabarta. A sake gina wa Yaya Talatu ɗakinta. Sannan ka zo da ƙafarka, ba aike ba, mu zauna a ƙofar masallaci gaban mai gari. In ka ƙi, mun riga mun haɗa kai, kotu za ta raba mu.

Allah ya ba ka zuciyar jin gaskiya ko da ɗaci, ya tsare iyalinka daga abin da namu suka gani, ya sa ka gyara tun kana da ikon gyarawa.

Wassalam.

Malam Hudu,
a madadin magidantan ƙauyenmu.