Tsaya

Kontagora, 4 ga Fabrairu

Zuwa ga Mardiyya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mutanen cibiyarmu ta binciken teku. Ga filas ɗin kwamfuta mai ɗauke da aikin na ba Audi direba ya kawo miki, don sabis ɗinmu ba ya iya ɗaukar taswirar teku ko guda goma. Taswira dubu biyu na duba, na sa kowace a rukuninta don na'ura ta koya: ruwan da ke gudu gabas, mai gudu yamma, mai tasowa daga ƙasa, sai zoben ruwan nan mai juyi wuri guda, wanda na sa wa suna "tsayayye".

Jikin Baba yana nan yadda yake. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, Dukanci yarenmu ya tafi, Hausa ta tafi, kalma ɗaya ta rage masa: "Tsaya." Kullum sai ya ce mini ita. Wata biyar ke nan ina tsaye, Mardiyya. Ina rarraba ruwan teku a garin da rijiya ke ƙafewa, ni da ban taɓa hawa ko kwalekwale ba.

Taki,
Deborah Luka

Legas, 15 ga Fabrairu

Debo tawa,

Sallama, da fatan Baba ya samu sauƙi. Ke dai kin haɗa mu faɗa da na'ura! Sauran rukunanki duk ta karɓa, amma zobenki ta ƙi. Ko ya aka juya ta, sai ta kwashe taswirorinsa ta zuba cikin masu gudu yamma. Farfesa ya ce ko dai ita ta ruɗe ko ke. Na haɗo miki su a jere, na wata shida, ki sake dubawa.

Maganar da ta fi: jirgin ruwa na binciken teku zai tashi 20 ga Maris, kuma sunanki na ciki. Shekara huɗu kina jiran wannan. Ran 5 ga Maris ake rufe sunaye, Treasure abokiyar aikinmu kuma tana ta zagaya gurbinki. Ba Agatha matar yayanki ta ce za ta riƙe Baba ba? Don Allah ki motsa.

Ƙawarki,
Mardiyya

Kontagora, 24 ga Fabrairu

Mardiyya,

Na gode da gaisuwa. Agatha ta zo daga Tungan Magajiya da kayanta, mace ce mai haƙuri, ba ni da abin cewa a kanta. Na ɗauko akwati na fara shiri, na kasa, na zauna ina mayar da kayan cikin kwaba. Sai Baba ya ɗaga murya yadda bai taɓa ba: "Tsaya! Tsaya!" Har hawaye.

Mutumin da ya yi shekara ashirin yana noman dawa don in yi karatu, abu ɗaya yake roƙona, in sa ƙafa in wuce? Wallahi ina jin haushi, ina jin kunyar haushin. Ki jira ni zuwa ranar rufewa, amma ina ganin Treasure ce za ta hau.

Deborah

Kontagora, 1 ga Maris

Mardiyya,

Gaisuwa a gurguje, Audi yana ɗura mai.

Na'urarku ta fi ni gaskiya. Ni taswira ɗaya-ɗaya nake kallo, kowace rana zoben yana nan kamar an kafe shi. Da na jera na wata shida, ashe tafiya yake yi yamma, kaɗan-kaɗan, da ruwan da ya rufe a cikinsa. Ki ba Farfesa haƙuri, ki goge "tsayayye".

Abin ya tsaya mini a rai, sai na yi wa Baba irin wannan. Kwana biyar ina rubuta duk lokacin da ya ce kalmar, da abin da hannuna ke yi a lokacin. In na fita kasuwa, shiru. In na je coci, shiru. Sau goma sha tara ya faɗa: sha shida ina rufe kwamfuta don in zo in yi masa hidima, uku ina fitar da kaya daga akwati. Ranar da ya yi kukan nan ma, ki tuna, mayar da kaya nake yi cikin kwaba.

Amma kwana biyar ba hujja ba ce, ke ma kin sani, kuma ina tsoron ko abin da nake so in gani nake gani. Don haka yau da safe na durƙusa gabansa, Agatha tana tsaye, na ce, "Baba, in tafi teku?"

Ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Tsaya."

Yana faɗa, yana tura akwatin da ƙafarsa mai lafiya, har sai da ya kai shi bakin ƙofa.

Saura kwana huɗu, Mardiyya. Ke da kika iya aikin, ki faɗa mini, a wane rukuni zan sa wannan?

Taki har kullum,
Deborah

Legas, 4 ga Maris

Debo,

Sallama. A rukunin masu tafiya, mana. Ke da kanki kika ce a goge "tsayayye". Na tabbatar da sunanki ɗazu. Ki gaishe da Baba, ki ce na ji shi.

Mardiyya