Lambar da Ka Haddace

Kara-Kara, Zinder
18 ga Afrilu

Zuwa ga maigidana, Baban Maryama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya zafin Jado, yaya ƙafar nan taka mai kumbura in ka daɗe a tsaye? Mu nan lafiya lau muke, ni da Maryama, sai kewarka.

Za ka yi mamakin ganin rubutuna, ni da tun barina lakwal, makarantar boko, ba na riƙe biro sai in zan rubuta awon riga. Dole ce ta sa. Wayata ta ɓata. Ranar Alhamis na je Kasuwar Dole sayen zare, na hau kabu-kabu zan dawo, mai moton yana ta gudu kamar an aiko shi kiran ungozoma. Ya faɗa wani rami har sai da haƙorana suka haɗu. Da na sauka a ƙofar gida na laluba jakata, ba waya. Ni da wana Yaya Yakuba mun bi hanyar da ƙafa har kasuwa muna duba ƙasa. Da ya kira, a kashe take.

Wayar ba ta dame ni ba. Ka san ta, sai an ɗaure ta da roba take shan caji. Lambar ce ta hana ni sukuni. Tun da aka sace taka wayar a tashar Agadas, ba ka da hanyar samun mu sai wannan lamba ɗaya da ka haddace. Sau nawa na ce ka rubuta ta Yaya Yakuba ka sa a aljihu, ka ce kanka ya ishe ka? To ga inda kan naka ya kai mu. Yanzu in ka sauko daga ramin zinariya ka biya mai wayar haya, wa za ka kira?

Washegari Yaya Yakuba ya bar aikinsa na kabu-kabu ya ɗauke ni a motonsa zuwa ajans, ofishin masu layin. Aka ba ni tike mai lamba tamanin da huɗu, lokacin ana kan talatin. Na zauna cikin sanyin kilim, na'urar nan mai sanyaya ɗaki, har yatsuna suka ƙage. Da layi ya zo kaina, wata Madam Rahina, haka aka rubuta a ƙirjinta, ta buga lambar a ordinater, wato kwamfuta, ta karanto sunanka gaba ɗaya har da na mahaifinka a gaban mutane. Ni da ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba, kunya ta rufe ni. Amma ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗin jin sa.

Ta ce layin ba nawa ba ne, naka ne. Ka tuna da ka sayo min wayar cikin kayan lefe ba ni da kardantite, katin shaidar ɗan ƙasa, sai ka ba da taka aka rubuta. Shekara shida ina amsa layin nan, ashe a wurinsu ni baƙuwa ce. Ta ce sai mai shi ya zo da kansa da katinsa. Na ce mai shi yana Jado. Ta ce to ya aiko da takardar wakilci mai hatimi. Na ce ta yaya zan gaya masa, alhali lambar da yake kira ita ce ta ɓata? Ta dubi bayana ta kira tamanin da biyar. Mai gadin ƙofa ne ya tausaya min, ya ce in yi sauri, layin da ya yi wata uku ba ya aiki karɓe shi suke yi su sayar wa wani.

Na sayi wata ƙaramar waya da sabon pus, wato katin layi. Lambar tana bayan takardar nan, na rubuta ta da manyan baƙaƙe sau biyu. Nazir direba, mai kai kayan abinci Agadas, ya ce zai ba masu hawa Jado su yi cigiyarka. Yaya Yakuba ne ya rubuta sunanka a ambulan.

Motonka yana nan a zaure yadda ka bar shi da injinsa a kwance, na rufe shi da tabarma. Wata kaza ta mayar da ƙarƙashinsa wurin ƙwai. Maryama kullum da safe sai ta hau ta kama kan tana yin ƙarar inji da baki, wai za ta je ɗauko ka.

Ka kula da kanka, ka riƙa shan ruwa. Allah ya tsare min kai.

Taka har kullum,
Sakina


Kara-Kara, Zinder
23 ga Yuni

Zuwa ga Baban Maryama,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar mai kewa, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Barka da Sallah, ko da ta wuce. An yi ruwan shuka sau biyu, gari ya ɗan yi sanyi. Maryama ta yi zazzaɓi kwana uku amma ta warware, har ta koma rigimarta.

Nazir ya dawo ya ce ya ba wani ɗan Tanut takardar, bai san inda ta tsaya ba. Sabuwar wayar ba ta yi ƙara da muryarka ba, don haka na ɗauka ba ta iso ka ba. Zan sake rubuta lambar a baya.

Baban Maryama, na yi yawo a kan layin nan har takalmina ya tsinke. Na koma ajans sau biyar. Aka ce in kawo takardar ɓatan waya daga komisariyar 'yan sanda, na kawo. Aka ce in kawo takardar aure, na je meri, ofishin magajin gari, na yi kwana biyu ina jira, na kawo. Madam Rahina ta jujjuya ta, ta ce ta yarda ni matarka ce, amma ordinater bai san aure ba. Na ce a haɗa ni da shef, shugabansu. Yau yana taro, gobe ya tafi Yamai, jibi rezo, wato sabis, ya ɗauke. Rannan har na gan shi ta taga yana cin tsire, aka ce min ba ya nan.

Wani ya ce in kira lambar masu sauraron koke. Wata murya ta ce in danna ɗaya don Faransanci, biyu don Hausa. Na danna biyu, aka sa min kiɗa. Na gama wanke-wanke, na ɗora tukunya, kiɗa na tafiya. Da mutum ya ɗauka, ya gaishe ni da ladabi kamar surukarsa, ya saurari labarina tun daga ramin har zuwa meri, sannan ya ce in kira shi da layin da ya ɓata don ya tabbatar nawa ne. Wallahi dariya na yi, ina cikin dariyar hawaye suka zo.

Yaya Yakuba ya yi ƙoƙari. Duk zuwan nan shi yake kai ni, yana barin fasinja a hanya, ko kuɗin mai bai taɓa karɓa ba. Amma shi ma ya fara cewa in haƙura da lamba, in kana da rai za ka nemo mu. Wani makaniki ya zo taya motonka, wai zai cire kayan ciki ya sayar. Na ce ba na sayarwa ba ne. Kai ka ce za ka dawo da kuɗin sabon inji ka ɗora masa, to yana jiranka.

Akwai maganar da ban so in rubuta ba, amma gara ka ji daga gare ni. Ranar Sallah gwaggonnina sun zo daga unguwar Birni. Bayan an ci nama suka fara lissafi: shekara guda cif da tafiyarka, wata biyu ba muryarka. Suka ce mace ba ta zama haka, alƙali yana sauraron irin wannan. Na ce ba shiru ka yi ba, ƙila kana ta kira ana ce maka a kashe take. Na tashi na shiga ɗaki na bar su da shayinsu. Ban yarda da maganarsu ba kuma ba zan yarda ba.

Abin da nake kewa ba shi da girma. Ƙarar motonka in ka shawo kwanar masallaci, na san ta a cikin guda ɗari. Yadda kake shigowa kana warin mai kana tambayar abin da aka dafa tun kafin ka yi sallama. Ko kiran nan naka na minti uku, rabinsa kana cewa ina ji, ina ji, ni ma ina cewa ina ji. Saura mako uku wa'adin layin ya cika. Duk Juma'a in na idar da salla nakan kira tsohuwar lambar, ko wanda ya tsinci wayar zai kunna.

Maryama tana gaishe ka, ta ce a gaya maka ta iya ƙirga har ashirin. Allah ya sada mu da alheri.

Matarka,
Sakina


Kara-Kara, Zinder
8 ga Satumba

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ina fatan kana cin abinci. Mu lafiyarmu ƙalau. Ka yi haƙuri gaisuwar ta yi gajarta. Ka karanta takardar nan har ƙarshe kafin ka yanke komai.

Sun sayar da layin. Na je ajans a watan Yuli, Madam Rahina ta duba ta ce sunanka ya fita daga ordinater. A ranar ce kawai ta dube ni da kyau, ta ce in yi haƙuri. Duk da haka ban daina kiran Juma'a ba, ya riga ya zama min jiki. Shekaranjiya na kira, sai na ji tana shiga. Wani dattijo ya ɗauka. Sunansa Malam Ari, manomin gyaɗa ne a wani ƙauye kusa da Guna. Ya sayi pus ɗin a kasuwar Mirriya wurin masu sayar da layi a ƙarƙashin laima, watan jiya. Da na faɗi sunana sai ya yi salati, ya ce ashe ni ce Sakinar da mata suke ta damun sa a kan ɗinkinsu. Na tambaye shi ko wani namiji ya taɓa kira daga nesa. Ya ce e, sai rezo ya yanke, na yi ta kira ba ta shiga.

Jiya da sassafe Yaya Yakuba ya ɗauke ni. Hanya duk ruwa ya cinye ta. Sau biyu muna sauka muna tura moto cikin laka, sau ɗaya ya mutu sai da ya ciro buji, wato fulogi, ya goge da bakin rigarsa. Gero ya fi mu tsawo hagu da dama, muna tambaya gona gona har muka sami gidan.

Mutanen kirki ne. Matarsa Indo ta dama mana fura tun kafin mu faɗi abin da ya kawo mu. Malam Ari ya ce kwana goma sha biyu ke nan, yana cikin gona, wata baƙuwar lamba ta kira. Ya yi sallama, aka kashe. Jim kaɗan aka sake kira. Wani mutum ya tambaya ko wannan wayar Sakina ce. Shi kuma ya gaji da masu neman Sakina, ya ce wayarsa ce, wa ke magana? Ya ce yana jin numfashin mutumin da iska tana kaɗawa. Can mai kiran ya ce Allah ya ba ku zaman lafiya, a riƙe masa Maryama amana. Ya kashe.

Baban Maryama, me ka ɗauka? Na san abin da ka ɗauka. Ka ji namiji a wayata bayan shekara da wata biyu, ka yi lissafin da gwaggonnina suka yi, ka gama shari'ar kai kaɗai a tsaye a shagon mai waya. Ko tambaya ɗaya ba ka ƙara ba. Dattijo ne mai furfura, jikokinsa bakwai, bai taɓa ganina ba sai jiya! Na ji haushinka har na kasa shan furar, sannan na tuna yadda ka tsaya kana numfashi, na yi kuka a tsakar gidan mutane.

Da Malam Ari ya gane abin da ya faru, hankalinsa ya tashi ƙwarai. Ya ce da ya sani da ya tsaya ya yi bayani. Ya nemo lambar da ka kira da ita, muka hau tudun bayan gari inda ake samun rezo, na kira. Mai shagon ya ce mutum ɗari ke taɓa wayar nan a mako. Da na kwatanta ka, na ce ɗan Damagaram mai ɗingishi kaɗan, ya ce kamar ya tuna, amma ayarinku ya tashi zuwa wani sabon rami can gaba, bai san sunan wurin ba. Na bar masa saƙo. Na sa ya maimaita min sau biyu.

Da za mu tafi, Malam Ari ya miƙa wa Indo wayarsa, ta buɗe bayanta ta ciro pus ɗin, ta ƙulle min shi a bakin mayafi. Yaya Yakuba ya sa hannu a aljihu, dattijon ya ce kada ya soma. Abin da na yi wata biyar ina nema a ofis mai kilim, a gindin rumbu aka ba ni. A takarda layin na Malam Ari ne yanzu, ya ce in masu ajans sun yi magana in aiko ya zo da katinsa.

To ka ji. Ban je wurin alƙali ba, ba wanda ya shigo gidan nan, ina ɗakina inda ka bar ni. Lambar da ka haddace ta dawo hannuna tun jiya da la'asar. Na daina zuwa kasuwa da waya a jaka, a hannu nake riƙe ta, in wuta ta ɗauke in kai ta caji shago in zauna a gabanta har ta cika.

Tsorona ɗaya ne. Na san halinka, in ka yi zuciya ba ka waiwaye, kuma kana ganin alheri ka yi min da ka bar ni. Ban sani ba ko takardar nan za ta fi 'yan'uwanta sa'a. Nazir zai tashi gobe, na roƙe shi ya ba mutum uku labarin da baki, ko da takardar ta ɓata. In ta iso ka, ko ba ka da abin faɗa, ko faɗa za ka yi, ka nemi waya. Ka sake kira sau ɗaya kawai. Ni zan ɗauka.

Allah ya kare ka, ya karkato da zuciyarka gida.

Matarka har yanzu,
Sakina