Waƙar Niƙan Inna a Hanyar Barkiya

Yaya Hajara,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Yaya sanyin Jos? Jikin Baba da sauƙi, amma har yanzu ba a barinsa ya kwana shi kaɗai.

Shi ya sa kullum in na rufe shagon ɗinki a Dutsin-Ma bayan lisha, sai in hau keke zuwa Barkiya. Wallahi na gaji, Yaya. Rikodar da kika aiko nake ɗaurewa a bayan keken. Na gwada kiɗan goge, ya sa ni gyangyaɗi har na faɗa gonar gero. Na koma waƙoƙin noma, su ne ke sa ƙafa ta motsa, sai shekaranjiya rikodar ta cinye kaset ɗin a tsakiyar daji.

Tsoro ya kama ni. Ban san lokacin da na fara rera waƙar da marigayiya Inna take yi a bakin dutsen niƙa ba. Ina ta maimaita ta har ƙofar gida. Baba ya jiyo ni, ya ce, "Sule, ka tsallake tsakiyarta." Na tambaye shi, shi ma ya manta.

Ke kika taya ta niƙa. Don Allah ki rubuto mani sauran. Hanyar da tsawo, abin da na riƙe kuma kaɗan ne.

A sa mu a addu'a. Ki gaida Malam da yara.

Ƙaninki,
Sule