Ba Sa Tambaya Sau Biyu

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da Inna da maigidanki da yara. Ga shi na rubuta da hannuna na ɗauki hoto na turo, tunda Inna ta ce duk saƙon da ba ta ga rubutuna a kai ba, ba nawa ba ne.

Yau makona uku a jami'ar nan ta ƙasar waje, saura wata biyar da 'yan kwanaki in dawo gida. Sun ba ni ɗaki a gidan baƙi, gado ɗaya, tebur ɗaya, taga tana kallon wurin ajiye kekuna. An rataya mini kati a wuya, shi ke buɗe kowace ƙofa. Ranar da na manta shi, minti ashirin na yi a bakin ɗakin gwaji kamar wadda aka kora. Aikin dai wanda na sani ne: a shanya ƙasar noma, a tankaɗe, a auna, a rubuta. Injinansu ne suka fi namu. Abin da nake kwana uku a kai a gida, nan kafin azahar an gama.

Mutanen kirki ne, amma Yaya, na kasa gane musu. Ƙarfe goma suke haɗuwa a ɗan kicin ɗin sashenmu su sha shayi, kowa da kofinsa a kan kanta. Ranar farko abokin ofis ɗina, wani da na sa wa suna Dogo a raina, ya ce in zo mu sha. Na ce a'a, na gode, na karya. Sai ya ce to, ya juya ya yi tafiyarsa! Na zauna ina jiran ya dawo ya sake yi mini tayi. Har yau bai sake ba. Kullum ƙarfe goma ina jiyo ƙarar cokula da dariyarsu ta bango, ni kuwa ina ta goge teburin da ba shi da datti.

Kin ce ko ki nemi hutu a asibiti ki zo ki gan ni. A'a, kada ki wahalar da kanki, lafiyata ƙalau.

Taki har kullum,
Auta

*

Dakta Auta, sarkin kunya,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, yara suna gaida gwaggonsu.

Na karanta wa Inna wasiƙarki. Wurin shayin nan sai da ta sa na maimaita, sannan ta riƙe baki ta ce, "Wane irin mutane ne waɗannan? Bakinsu zai yi ciwo ne in sun sake tambaya?" Ni kuwa dariya na yi har da ƙwalla. Digiri uku, amma shayi ya gagare ki.

Laifin marigayi Baba ne, Allah ya jiƙansa, da dokarsa ta sai an yi miki tayi sau uku kafin ki miƙa hannu. Kin tuna ranar da maƙwabciya ta miƙo miki lemo, ta tsaya a na biyu, kika dawo gida kina kuka kina cewa saura ɗaya? To ga shi kin je inda lissafinsu bai wuce ɗaya ba.

Batun zuwana kuma, tunda kin ce a'a, shi ke nan. Ni ma na zama Dogo, ba zan sake tambaya ba.

Yayarki

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki yi haƙuri da shirun kwana biyu. Wannan kada ki karanta wa Inna.

Na yi wauta. Shekaranjiya Laraba Farfesa, shugaban sashenmu, ya kira ni ofis. Ya baza sakamakon aikina na wata huɗu a tebur, ya ce sun samu damar faɗaɗa binciken, shekara biyu, kuma ni yake so in jagorance shi, da mutum biyar a ƙarƙashina. Yaya, wannan ne abin da nake roƙon Allah tun ina ɗaliba. Ƙasar gonakin yankinmu ce za a bincika, wadda na ɗebo da hannuna.

Kin san me bakina ya ce? Cewa na yi akwai waɗanda suka fi ni cancanta, kada in ɗora musu nauyi. Na sunkuyar da kai ina jiran na biyu. Sai ya cire tabarau ya dube ni, ya ce bai ji daɗi ba, amma yana mutunta ra'ayina. Ya tattara takardun ya raka ni har bakin ƙofa.

Sakatariya ta ce ranar Litinin da rana za a fitar da sanarwar neman wani. Da wane baki zan koma? Zai ce wannan ba ta san abin da take so ba, yaya za ta riƙe mutum biyar? Ina son aikin nan har cikin raina, kuma ina jin kunyar komawa. Na sauko da akwatina daga kan kabad.

Auta

*

Auta,

Sallama. Yau babu tsokana, ki karanta da kyau.

Na karanta wa Inna. Ki yi fushi in kin ga dama. Sai ta tashi ta buɗe akwatin Baba ta ɗauko wata takarda da ban taɓa gani ba, duk ta yi ja don tsufa.

Ashe shekarar da aka haife ni, manajan garejin da Baba yake aiki ya zaɓe shi ya tafi koyon manyan injuna na shekara guda. Baba ya ce a'a, akwai na gaba da shi. Manaja ya tura wani. Wanin nan shi ne ya dawo ya zama ogansa, wanda muka taso muna jin Baba yana ce masa "ranka ya daɗe" har ya yi ritaya. Takardar fom ɗin tafiyar ce. Baba ya cike kowane layi da hannunsa, har ya sa hannu, ya ajiye yana jiran a sake tambayarsa.

Ga saƙon Inna, yadda ta faɗa: "Ki gaya wa Auta, ubanta ya kafa dokar nan ne saboda kwanon maƙwabta, ba don ta mayar da rabonta ba. Na zauna da mutum ɗaya mai wannan ciwon shekara talatin, ba zan zauna da na biyu ba."

Ki mayar da akwatin nan inda kika ɗauko shi. Litinin da sassafe ki ƙwanƙwasa ƙofarsa. Kunyar minti biyar ce, ba ta kashe kowa.

Yayarki mai ƙaunarki

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Na je. Tun kafin ya ce in zauna na ce, "Farfesa, ina so. Tun ranar nake so." Na ba shi labarin dokar gidanmu. Ya yi dariya har da tari, sannan ya gyara zama ya ce, "Kina so? Kina so? Kina so?" Na ce e sau uku, na sa hannu.

Ƙarfe goma na shiga kicin da ƙafata. Dogo ya miƙa hannu can ƙarshen kanta ya sauko da wani kofi, an manna masa sunana. Sakatariya ce ta ajiye mini tun makon farko. Sai da na wanke shi saboda ƙura.

Ki gaya wa Inna na gode, na kuma yi wa Baba addu'a.

Saura magana ɗaya. A wasiƙar farko na ce kada ki zo, lafiyata ƙalau. Ƙarya nake yi. Ina kewarki ƙwarai. Ba sai kin sake tambaya ba, Yaya, ki zo.

Taki,
Auta